Mai Faci da Murfin Tukunyata

Shekarar da maigidana Malam ya rasu, silifas ɗina ya tsinke daidai bakin rumfar mai faci. Rana ce tsaka, ƙasa ta ɗau zafi, na tsaya a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ina kunyar tafiya ina kunyar tsayawa. Mai rumfar ya turo mini benci da ƙafarsa, ya miƙo hannu, na ba shi takalmin. Ya yanko gefen tsohuwar taya, ya shafa gam, ya danne da guduma, har da tsoma shi a ruwa ya duba ko yana fitar da iska, don hannunsa ya riga ya saba. Na fara kwance bakin mayafi zan ba shi ɗan wani abu, sai ya ce, “Inna, abin da ke da lamba nake karɓa wa kuɗi. Ke ba ki da lamba.”

Takalmin nan ya fi ɗan'uwansa nauyi da tudu. Sati biyu ina ɗingishi, maƙwabta suna shigowa duba ni da ƙafa. Amma sai da ya binne 'yan'uwa uku kafin shi ma ya ce ga garinku nan.

Daga ranar na fara lura da mutumin. Ba wuya kuwa, don tagar ɗakina tana kallon filin da ke bayan rumfarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kansa a zaune kan kafaɗa ba tare da an bi ta wuya ba. Hancinsa ya karkata hagu kamar yana son jin abin da kunne ke faɗa. Manya suna ce masa Mai Faci, yara suna ce masa Koci, domin a ƙuruciyarsa ya yi dambe irin na safar hannu. Sau talatin da ɗaya ya shiga fili, ya ci tara. Shi da kansa yake faɗa, ba a tambaye shi ba. “Babu filin damben da ban san ɗanɗanon ƙasarsa ba,” in ji shi.

A filin nan ya kafa sanduna huɗu cikin tsofaffin tayoyi, ya zagaye da igiya. Ya rataye buhun yashi da ɗusar katako a jikin ƙarfen ɗaga inji. Safar dambe yana da ƙafa uku da rabi, rabin na hagu ne. In an yi la'asar sai ya tara samarin da unguwa ta gaji da su: wanda aka kora daga makaranta, wanda uwarsa ke ɓoye wuƙar kicin saboda shi, wanda in ya shigo layi ake kwashe shanya. Mutane suna ta tsegumi wai an ɗauko kura ana wasa mata haƙori. Ni ma a lokacin haka na ɗauka, Allah ya yafe mini.

A cikin yaran akwai Tsinke, ɗan mai wankau da ke ƙarshen layinmu. Shekararsa goma sha bakwai, siriri ne kamar sunansa, kuma sana'arsa ƙwacen waya. Hanyar da ya shigo hannun Koci ita ce ya ƙwace ta Kocin. Kofur na ofishin 'yan sandan unguwa ya kama shi washegari, sai ga Koci ya je ofis da uwar yaron tana biye da shi tana kuka. Ita ta ba ni labarin yadda aka yi.

“Kofur, wayar ba ta dame ni ba,” in ji Koci. “Yaron nake so.”

“Me za ka yi da ɓarawo?”

“Ina riƙe da ita a kunne ina magana da maiɗakina. Sai da na ƙare bayani na ba ta haƙuri sau biyu kafin na gane da tafin hannuna nake magana. Shekara talatin ina neman hannun hagu irin wannan.”

Kofur bai yi dariya ba. Ya ce, “Na ba ka shi. Amma ƙara ɗaya ta rage masa, ko ta sata ko ta faɗa. In sunansa ya sake shigowa ofishin nan, ba ni zai gani ba, alƙali zai gani. Ya kusa cika sha takwas, kuma ba gidan yara za a kai shi ba.”

Uwar ta zo ɗakina ta zauna a bakin tabarma. Ta ce sata ba ta ba ta tsoro kamar zuciyarsa, don yaron in an taɓa shi ba ya ji ba ya gani. Shi kaɗai gare ta. Na ce ta yi ta addu'a, ban san ni ma za a ba ni aiki a cikin lamarin ba.

Aikin ya zo ta dalilin agogo. A damben nasu, turmi ɗaya, wato zagaye guda na faɗa, minti uku ne, sai a huta. Koci ya sayo agogon bango ya rataye. Kwana biyu ya yi aka sace shi. Ya sayo na biyu ya buga masa ƙusa ya ɗaure da sarƙa, suka bar masa fuskar da hannayen suka tafi da hanjin. Ya jera yaran a rana ya ce, “Ban tambayi wanda ya ɗauka ba. Ina so in san wanda ya koya masa aiki mai tsabta haka.” Maganar ajiye waya a tsakiyar waɗannan bayin Allah kuwa ba ta taso ba. Aka koma sa yaro ɗaya yana ƙirga da baki, sai aka lura in abokin gabarsa ne ke shan duka, ƙirgar ba ta wuce sittin da tara, a nan take yin kai da komo.

Rannan ina zaune bakin taga da carbina, na ga ya tsaya yana kallon hannuna. Ya zagayo ta ƙofa, ya yi sallama, ya durƙusa.

“Inna, istigfari nawa kike yi a minti uku?”

“Ban taɓa yi wa Ubangiji awo da agogo ba.”

“To a gwada, don Allah.”

Ya aro agogon hannun Kofur, ya riƙe shi da hannu biyu ya juya wa ɗalibansa baya. Sau biyu muna gwadawa, ɗari biyu cif. Ya ce agogon kanti ma bai kai ni ba, kuma ni ba mai iya sa ni a aljihu.

Ban amsa ba sai da na je wurin liman. Na ce, “Allah gafarta Malam, ya halatta in yi istigfari ana naushin juna a kansa?” Ya shafa gemu, sannan ya ce, “A da, da me suke yi?” Na ce wasu da wuƙa. “Yanzu fa?” Na ce da soso a hannu. Ya ce, “Ki gyara niyya ki ci gaba. In da hali ki sa su a ciki, sun fi ki buƙata.”

Haka na zama ƙararrawa. In na kai ɗari biyu sai in buga murfin tukunyata da ludayi. Murfi ɗaya gare ni, shi ya sa tun daga lokacin girkina na yamma yake jiran a tashi daga dambe.

A bakin tagar nan na gane abin da Koci yake koyarwa. Sabon yaro yakan yi wata uku bai taɓa jikin mutum ba, sai gudu da tsallen igiya da dukan buhu. Yana tsaka da dukan buhun, ya ɗau zafi har yana zagin buhun, sai Koci ya taɓa karkataccen hancinsa. Alama ce tsakanina da shi: in buga ko ban kai ɗari biyu ba. Da jin murfi dole hannu ya tsaya inda yake, ko a sama ne. Yaro ya juya, ya nufi kusurwa, ya zauna a kan kifaffen bokiti, ya ɗora hannu a cinya, ya yi numfashi, ba magana. Wanda ya ƙara naushi ko ɗaya bayan murfi zai saɓa tayar babbar mota ya zagaya fili sau goma.

“Kowane jaki ya iya harbi,” in ji Koci. “Tsayawa ce karatu.”

Ba wanda ya saɓi tayar nan kamar Tsinke. Watannin farko, in na leƙa ba na ganin komai sai taya mai ƙafafu tana zagaya fili tana gunaguni. In ya zo wucewa ta tagata ya ce, “Kaka, ke da Koci Allah ya isa.” In ce, “Amin, saura bakwai.”

Abin ya shiga jikin yaran har ya bi su gida. Akwai wani ƙato da ake kira Buhu, uwarsa ta zo ta ce mini ya ɗaga kujera zai jefi ƙanensa, murfin tukunya ya suɓuce mata ya faɗi, sai ta ga ya ajiye kujerar ya zauna a kai yana haki. Labari ya bazu. Mata suka fara zuwa suna tambayata a ɓoye me nake tofawa a murfin. Wata ta ce in ara mata shi kwana uku saboda maigidanta. Na ce murfin ba ya aiki sai an haɗa da taya.

Sau ɗaya tak Koci ya taɓa gaya mini dalilinsa. Ruwan sama ya tare shi a ƙofata, na ba shi kujera. Ya ce yana da shekara ashirin da biyu wani ya taka masa ƙafa a tashar mota, magana ta yi magana, ya kai masa naushi uku. Na farko ya isa. Na biyu da na uku su suka tafi da idon mutumin, shi kuma suka ci masa shekara huɗu a gidan yari. Ya dubi hannunsa ya ce, “An koya mini duka, Inna, amma ranar ba wanda ya buga mini ƙararrawa.” Ruwa ya tsagaita, ya tashi ya ce ƙofata na buƙatar roba a ƙasa, zai kawo. Bai sake ɗauko zancen ba.

Tsinke ya yi wata goma ba a ji sunansa a ofis ba. Sai dai tsohon ubangidansa a harkar ƙwace, wani da ake kira Garwashi, bai haƙura ba, don tun da hannun hagun nan ya bar shi kasuwarsa ta mutu. Ya aiko an ƙi. Ya zo da lallashi an ƙi. Sai ya zo da katako.

Ranar Koci ya tafi cire tayar wata babbar mota a bakin titi, ba a yi dambe ba. Na fito famfon layi da tukunyata zan wanke, mata kusan goma sha biyu a kan layi. Tsinke yana taya uwarsa, ta gama ɗauraye kayan mutane ta tara a babban baho. Garwashi ya iso yana jan katakonsa a ƙasa.

“Ɗan dambe. An ce yanzu tsohuwa ke kaɗa maka kwano kana rawa.”

Tsinke bai ɗaga kai ba.

Garwashi ya sa ƙafa ya kifar da bahon a cikin taɓo, fararen kayan mutane, wankin yini guda. Sannan ya dubi uwar ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba.

Tsinke ya ajiye jarkar hannunsa a hankali. Garwashi ya kawo katako, Tsinke ya goce. Ya sake kawowa, ya sunkuya. Na uku ya wuce ta saman kansa, Garwashi ya tafi luu, haɓarsa a buɗe kamar an ajiye a faranti. Na ga kafaɗar hagun Tsinke ta ja baya. Wata goma ina kallon kafaɗar nan, na san abin da ke biyo ta, na kuma san daga nan sai gaban alƙali. Ban yi shawara da kowa ba. Na zaro ludayi na buga murfin.

Hannun ya tsaya, tsakaninsa da haɓar bai fi yatsa biyu ba. Tsinke ya juya yana neman kusurwa. Famfo ba shi da kusurwa. Ya hangi jarkar wata mata ya je ya zauna a kai, ya ɗora hannu a cinya, yana numfashi.

Garwashi ya tsaya sororo, ya dubi hagu ya dubi dama ko wani abu ne ke zuwa. Da ya ga ba komai sai ya ɗaga katakon ya sauke wa yaron a kunne. Jini ya zubo har wuyan riga. Tsinke bai tashi ba. Hannayensa suna kan cinyarsa, hawaye na zuba, ni kawai yake kallo. Kallon nan har yau yana zo mini in na yi sujada.

Abin da ni da Koci ba mu lissafa ba shi ne matan famfo ba su taɓa saɓa taya ba. Uwar Tsinke ce ta fara, da bahon. Mai jarka ta biyo baya, sai bokitai suka tashi ta ko'ina. Na buga murfi, na sake bugawa, na yi ta bugawa har ya lotsa, ba wadda ta ko waiwayo. Da Kofur ya iso, Garwashi na kwance a taɓo an kifa masa bokiti a kai, wata mai ciki tana zaune a kan bokitin tana hutawa.

Aka ɗaga bokitin. Kofur ya dubi fuskar Garwashi, ya juya ya dubi Tsinke, ya ciro ankwa.

“Na gaya maka ƙara ɗaya.”

Mata suka ɗauki magana gaba ɗaya, kowacce na cewa ita ce, har ana gardamar wadda ta fasa masa leɓe. Kofur ya ce duk su yi shiru, ya san uwa za ta rufa wa ɗanta asiri, maƙwabta su taya ta. Ya matso wurina ya rage murya.

“Inna, ke ba za ki yi mini ƙarya ba. Hannunsa ya tashi?”

“Ya tashi.”

Uwar ta dafe ƙirji.

“Ya sauka?”

“Ya sauka.”

“A ina?”

“A cinyarsa. Ga shi can har yanzu bai ɗauke ba, jira yake a buga masa na tashi.”

Kofur ya je ya kama hannayen yaron ya juya su gaba da baya, ba ƙwarzane. Ya koma ya duƙa kan Garwashi, ya ga da'irar gindin bokiti a goshinsa, har lambar da ke ƙasan bokitin ta fito a juye. Ya daɗe yana karantawa. Sannan ya sa wa Garwashi ankwar, ya ce da ni, “To ki buga masa ya tashi, a kai shi a ɗinke kunnen.”

Koci ya dawo gab da magariba aka ba shi labari. Ya zauna a kan taya, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Ban san dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba. Da ya buɗe fuska ya ce, “Kunne ɗaya. Ya samu da arha.”

Tsinke kwana tara bai gaishe ni ba. Rana ta goma ya zo ya tsaya a ƙofa da ɗaurin bandeji kamar rawani ya zame.

“Kaka, kin sa an fasa mini kunne.”

“Na bar maka ɗaya da za ka riƙa jin magana da shi.”

“Da kin bari na yi masa ɗaya tak.”

“Da yanzu uwarka na bin layin kai maka abinci.”

Sannan ya ce in ba shi murfin. Ya kai rumfa ya daddake shi da guduma ya dawo da shi a miƙe, sai dai tun daga ranar bai sake zama daidai a bakin tukunya ba.

Yau shekara uku ke nan. Tsinke ne ke riƙe da rumfar in Koci ya fita, ya iya faci har ya fi maigidan sauri. Ya shiga gasa sau shida ya ci biyar, wuyansa ya yi kauri, sunan ne kawai bai canza ba. Kofur yakan zo kallo ranar hutunsa, ya tura agogonsa can cikin hannun riga.

Akwai abin da ban faɗa ba, kuma tunda na ɗauko rubutu gara in faɗa. Tun ranar famfo zuciyata ta yi laushi. In aka sa sabon yaro da wanda ya fi shi, na ga yana shan duka, sai yatsuna su fara tsallake 'ya'yan carbi, bibbiyu, wani lokaci uku-uku. Bayan sallar magariba nakan rama abin da na tsallake. Na ɗauka daga ni sai Allah muka sani.

Ran nan Koci ya yi sallama ya durƙusa a inda ya saba. Gemunsa ya yi fari yanzu, in zai durƙusa sai ya dafa bango.

“Inna, ƙafafuna sun san minti uku ko ina barci. Turmin ɗan autan nan na jiya bai kai biyu ba.”

Na ce tsufa ne, hannu na zamewa.

“Hannun da ba ya zamewa sai in ƙaramin yaro na shan wuya.” Ya yi murmushi. “Alfarma na zo nema. Ki bar musu minti ukunsu cif. Ina tsaye a wurin, ba zan bari a ji musu ciwo ba. Yaron da bai taɓa daurewa ya jira ƙararrawa ba, ba zai yarda tana zuwa ba.”

Na ce na ji, in Allah ya so ba zan ƙara ba.

Ya dafa bango ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Ya leƙa waje ya tabbatar ba kowa, sannan ya dawo ya sake durƙusawa, ya yi ƙasa da murya.

“Sai dai ranar Asabar yaran nan sun matsa sai na shiga da Tsinke, turmi uku, wai su ga yadda ake yi a da. Na riga na amsa a gaban jama'a. Don girman Allah, Inna, ranar ki tsaya a ɗari. Sauran ni zan rama miki da bakina, in ya bar mini bakin.”